Kujera ta Shida



Ya ɗan'uwa mai karatu, a shekarar 2008 ni ne mai kula da na'urori a wani ɗan shagon kwamfuta da ke Mandawari, cikin birnin Kano. Kujeru goma muke da su, amma kwamfuta ta gaske guda ɗaya ce, wato uwar garke, mai ɗauke da Windows Server 2003. Abin da ke gaban kowane mutum allo ne da maɓallan rubutu da wani ɗan akwati mai kai saƙo ya komo da hoto. Aikin kowa a cikin uwar garken yake, a wani keɓaɓɓen zama da take buɗe masa ta ba shi lamba.

Saboda haka idan allon wani ya sandare, mutane suka ce "kashe ka kunna mana", ba su san aikin mutum goma suke nema in rushe ba. Akwai hanyoyi masu sauƙi. Umarnin qwinsta yana jero dukkan zaman da lambobinsu. Umarnin tsdiscon yana raba mutum da zamansa, aikin kuma yana nan da ransa har ya dawo. Shi kuwa rwinsta yanka ne, ba ya tambaya, ba ya gargaɗi, abin da ba a adana ba ya tafi. Na san duk wannan. Sai dai na fi son yankan, domin ya fi sauri, kuma yana sa yara su ɗauke ni gwani.

Wata Laraba bayan la'asar, allon wani ɗalibi a kujera ta shida ya tsaya cak. Ban tsaya duba jerin ba, na rubuta rwinsta 6. Allonsa bai motsa ba. Sai na ji salati daga kujera ta biyu.

Ashe lambar zama ba ita ce lambar kujera ba. Uwar garke ce ke raba ta yayin da ake shiga, ba ruwanta da inda mutum ya zauna. Wadda na yanke wa aiki wata dattijuwa ce, malamar Islamiyya, tun azahar take buga tambayoyin jarrabawar ɗalibanta da yatsa ɗaya, a wata ƙaramar manhajar rubutu da ba ta adana komai da kanta.

A nan ne Shaiɗan ya kawo mini mafita, kuma wallahi mai kyau ce a ido: in ce na'ura ce. Babu wanda ya ga abin da na rubuta, kowa kuma ya saba da na'ura tana cin aikin mutane. Har na buɗe baki. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda ta juyo tana ba ni haƙuri, wai ko ita ce ta taɓa wani abu ta ɓata mana kaya.

Na ce, "Malama, ba ke ba ce, ni ne. Na yi gaggawa."

Ta dube ni jim kaɗan ta ce, "To ɗana, ka iya bugu da sauri?"

Matsalar ɗalibin kuwa ba ta ma bukaci yanka ba. Takarda ya tura wa firinta, sashen da ke jera takardun bugawa ya cije, manhajarsa ta tsaya jiran amsa. Na tsayar da sashen, na share layin, na tayar da shi, allonsa ya farfaɗo da aikinsa cif. Bai kai minti biyu ba.

Na jawo kujera kusa da Malama. Tana karanto tambayoyin daga littafinta ina bugawa, na Fiƙihu da na Tauhidi da na Sira, tana gyara mini rubutun sunayen Sahabbai. Da aka kira magariba muka tashi, muka dawo muka ƙarasa. Na ce ba za ta biya ko kwabo ba, ta ƙi, ta ajiye kuɗin awannin da ta yi kafin ɓarnata a kan tebur, ta ɗauki takardunta ta nufi wajen Ƙofar Na'isa.