Saurayin Wucin Gadi



Yau wani tsohon fim na ƙasar Faransa muka kawo, mai suna Baisers volés, wato sumbar sata. François Truffaut ne ya ba da umarni, ya fito a 1968, lokacin iyayen wasunmu ma suna goye. Fim ne na soyayya da ban dariya. Tun da wuri mu faɗa, al'adar cikinsa tasu ce, kuma akwai wuraren da ba a kallo da yara a ɗaki. Abin da ya riƙe mu shi ne irin saurayin da aka ɗora wa labarin.

Sunansa Antoine Doinel, Jean-Pierre Léaud ne ya hau matakin. Ba shi da komai daga cikin kayan da muka saba jibga wa jaruman littattafanmu: ba mota, ba kamfanin gado, ba digirin ƙasar waje. Farkon haɗuwarmu da shi a gidan kason soja ne yana karanta littafin Balzac, ana shirin sallamarsa don an ga ba zai yi soja ba, alhali shi ya kai kansa. Mahaifin Christine, yarinyar da yake so, ya samo masa aikin dare a wani otel na birnin Paris. Ba a jima ba wani tsoho mai binciken sirri ya yi masa wayo ya buɗe ɗakin da wata matar aure take da kwartonta, aka kore shi. Tsohon nan ya ji tausayinsa ya kai shi kamfaninsu. To, a nan ne dariyar take. An ce ya bi sawun wata mata a ɓoye, sai ya riƙa laɓewa bayan jarida yana kai-kawo har matar ta gane, ta haɗa shi da ɗan sanda.

Muna dariya, amma dariyar ta tsaya mana a maƙoshi. Da yawa a cikinmu takardar difloma na cikin jaka, bara muna shagon POS, bana koyarwa a makarantar kuɗi, baɗi Allah kaɗai ya sani. In aka tambaye mu sana'a a gidan su yarinya sai mu ce "muna ɗan taɓawa kafin a samu." Shi ma Antoine komai nasa "kafin a samu" ne, har soyayyar. In ya matsa wa Christine sai ta sulale, in ya juya mata baya sai ta zo nema. Iyayenta ma sun fi ta sakin fuska da shi.

Wurin da muka fi so shi ne na mai kantin takalma, Malam Tabard. Mutumin ya je kamfanin bincike da wata buƙata mai ban tausayi: yana jin a jikinsa babu mai ƙaunarsa, yana so a gano masa dalili. Aka shirya jarrabawar ɗaukar ma'aikaci ta bogi, a naɗe kwalin takalmi. Antoine ya fi kowa ɓata nasa, shi aka ɗauka. Maimakon bincike, sai ya faɗa son matar maigidan, Fabienne, wadda ta girme shi, har yana ganin ba mutum ba ce, wata halitta ce daga sama. Ran da suka zauna su biyu ta yi masa tambaya, bakinsa ya suɓuce ya amsa mata da "ƙwarai, yallaɓai" kamar yana magana da namiji. Kunya ta sa ya zubar da kofi ya ranta a na kare.

Abin da ta aiko masa ya kamata kowane marubuci ya riƙe. Ta ba shi misalin mutumin da ya tura ƙofar banɗaki bisa kuskure ya iske mace tana wanka. Mai ladabi zai ja ƙofa ya ba "baiwar Allah" haƙuri. Mai sanin ya kamata kuwa zai ba "bawan Allah" haƙuri, don ta ɗauka bai ga komai ba. Da wannan ta rufa masa asiri, ta kuma sanar da shi ta gane abin da ke ransa. Mu da muke cika shafi uku da "ke ce bugun zuciyata," a nan layi huɗu sun gama aikin. Shi kuma ya aika mata da amsa ta bututun iska da ke bi ta ƙarƙashin titunan Paris, hanyar aika wasiƙar gaggawa da aka daina amfani da ita a 1984, kyamara tana bin sunayen tituna kamar tana raka takardar. Abin da ya biyo baya tsakaninsu ba abin koyi ba ne, mu wuce.

An ɗauki fim ɗin a farkon 1968, daidai lokacin da gwamnati ta tsige Henri Langlois daga shugabancin taskar finafinan Faransa. Truffaut yana ɗaukar fim yana kuma zuwa zanga-zanga. Shi ya sa aka buɗe da hoton ƙofar taskar a garƙame, aka kuma sadaukar da aikin gare ta. Duk da haka siyasa ba ta shiga labarin ba sai ta gefe.

A ƙarshe Antoine ya koma gyaran talabijin. Christine ce, da iyayenta suka yi tafiya, ta zare wani abu a cikin talabijin ɗinsu ta kira kamfanin gyara don a turo shi. Da safe tana koya masa yadda ake shafa man shanu a busasshen biredi ba tare da ya karye ba: a ɗora ɗaya kan ɗaya. Babu zobe, sai ya zura mata mabuɗin kwalba a yatsa.

Da nan aka tsaya, da ba mu kawo shi wannan zaure ba. Tun tsakiyar fim akwai wani mutum mai doguwar kwat da ke bin Christine daga nesa, bai taɓa cewa uffan ba. Suna zaune a kan benci ita da Antoine sai ya nufo su. Ko kallon Antoine bai yi ba. Ya shaida mata cewa kafin ita bai taɓa son kowa ba, ya tsani duk abin da yake na wucin gadi, ya san kowa na cin amanar kowa, amma shi ba zai bar ta ba ko na sa'a ɗaya, don ba shi da aiki, ba shi da kowa. Ya ce zai ba ta lokaci ta rabu da mutanen wucin gadi, shi ne na dindindin. Ya juya ya tafi. Christine ta ce wannan mahaukaci ne. Antoine ya amsa da e, amma ku dubi fuskarsa.

Ku sake karanta kalaman mutumin nan. Ba su ne muke sa wa jarumanmu a baki ba? Babu aiki sai ke, babu kowa sai ke, har abada. A takarda suna da daɗi, har masu karatu su riƙa tura wa juna. Da aka sa su a bakin baƙo tsaye a kan titi, sai ga shi tsoro suke bayarwa. Mu kam da ƙanwarmu ce a bencin nan, da mun ce ta tashi maza.

Sai dai Truffaut bai bar mu mun ji daɗin wannan hukunci ba. Ya bi Antoine a finafinai biyar cikin shekara ashirin, daga Les Quatre Cents Coups na 1959, lokacin Léaud yana ɗan shekara 14. A Domicile conjugal na 1970 sun yi aure, sun haifi ɗa, Antoine ya ci amanarta da wata 'yar Japan. A L'Amour en fuite na 1979 auren ya mutu a gaban alƙali. Ashe mahaukacin bai yi ƙarya ba game da mutumin da ke zaune kusa da ita. A wannan na ƙarshe Antoine yana aikin gyaran kurakurai a maɗaba'a, ya kuma wallafa littafi a kan matan da ya so, wanda a ciki ya gyara labarin yadda zai fi yi masa kyau. Ɗan uwanmu ne marubuci.