Postville, garin da majami'a ta zama mafaka

Postville ƙaramin gari ne tsakiyar gonakin masara na jihar Ayowa, a Amurka. Ƴan ci-rani daga Gwatemala da Meziko suka cika babbar mahautarsa, da yawansu ba su da takardu.

Ran 12 ga watan Mayu 2008, jami'an shige da fice suka dira, suka kama ma'aikata 389. Kafin dare, ɗaruruwan mutane sun kwarara majami'ar Katolika ta garin. Nan suka yi kwanaki bisa benci, suna addu'a, suna jiran labarin nasu. Baƙon da ke tsoron hukuma, ba ya jin harshen gari, ina zai kai kukansa in ba ɗakin ibada ba? Majami'ar ta ciyar da iyalai, ta biya ma wasu kuɗin haya.