Kaset ɗin Faye da Kaset ɗin Babana

 Yau labarin wani majigi na kawo maka, kada ka yi mamaki. Da farko ni ma raina shi na yi. Ƙanena ne ya zo hutu daga Yamai da shi cikin kwamfutarsa, ya ce in zauna mu gani. Na leƙa na ga zane ne ke motsi, sai na ce masa ni na wuce kallon ƴan yara. Ya ce in yi haƙuri da dare guda. To, dare guda ya zama mako biyu.

Sunan majigin Cowboy Bebop. A ƙasar Japan aka yi shi, a kamfanin Sunrise, ya fara fitowa a talabijin cikin shekarar 1998. Shinichiro Watanabe ne ya shugabanci aikin, wata mace mai suna Yoko Kanno ta tsara kiɗansa. Kashi 26 ne, kowane bai kai rabin awa ba.

Ga yadda labarin yake. An ce shekarar 2071 ce. Wani hatsari ya fasa wata, duwatsunsa suna ta faɗowa ƙasa, har yawancin mutane suka ƙaura zuwa Mars da sauran duniyoyi. Ɓarayi suka yi yawa, ƴan sanda suka kasa. Sai hukuma ta riƙa sa lada a kan duk wanda ake nema, wanda ya kamo shi da rai a biya shi. Wasu suka mai da wannan farauta sana'a. Cikinsu akwai mutanen wani tsohon kumbo mai suna Bebop: Jet, tsohon ɗan sanda mai hannun ƙarfe, Spike, wanda ya gudo daga ƙungiyar manyan masu aikata laifi, wata mace, Faye, wata yarinya gwanar kwamfuta, Ed, da karensu Ein.

Kada ka zaci attajirai ne. Kullum cikin yunwa suke. Tun a kashi na farko Jet ya dafa tattasai da nama, amma babu naman a ciki. In sun kama ɓarawo, kuɗin ya tafi wajen biyan ɓarnar da suka yi. Wannan ya ba ni dariya, don na san irin wannan tukunya a ƙarshen wata.

Amma ba dariyar ce ta sa na ɗauki bik ba. Faye ce.

Faye ta yi hatsari tana budurwa, likitoci suka daskarar da ita cikin sanyi shekara 54. Da aka tashe ta, ba ta tuna kome ba, ko sunan gidansu. Takardun da za su faɗi ko ita wace ce sun salwanta. Abin da aka miƙa mata kawai shi ne lissafin asibiti, bashi na miliyoyi. Wani da ya ce shi lauya ne ya nuna yana son ta, ya yi mutuwar ƙarya, ya bar mata gado. Ta karɓa, ashe gadon bashi ne. Ka gani, wanda ba shi da shaidar bayansa, duk abin da aka ce masa sai ya ɗauka.

Ana nan, a kashi na 18, sai ga wani ƙunshi ya iso kumbo da sunanta. Kaset ne na bidiyo, irin wanda ake kira Betamax. Wannan ba ƙirƙira ba ce: kamfanin Sony ya fito da shi a 1975, ya daina ƙera na'urarsa a 2002. To, a 2071 ina za a samo na'urar? Spike da Jet suka sami guda wurin mai tsofaffin kaya, ta fara cin zaren, Spike ya harbe ta da ƙafa ta lalace. Suka tafi har duniyarmu, suka gangara ƙarƙashin wani kango mai cike da ruwa, suka sha wuya, suka ɗauko na'ura. Da suka komo, sai ta zama ba irinta ba ce. Daga baya dai na'urar kirki ta iso. Aka kunna. Sai ga Faye tana ƴar lakwal, tana jin kunya, tana yi wa kanta saƙon da za ta gani bayan shekara goma. Babbar Faye ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, hawaye na zuba, ba ta gane yarinyar ba.

Nan na tashi na fita waje. Ƙanena bai san dalili ba, don shi jariri ne lokacin.

Babanmu ɗan ci-rani ne, Abijan yake zuwa. Bai iya rubutu ba. In zai aiko saƙo, sai ya sayi kaset, ya zauna gaban rediyo ya yi magana, ya ba mai zuwa gida. Mu taru a tsakar gida bayan sallar isha'i, a sa batir sabo, mu ji muryarsa. Ya gai da kowa da sunansa. Ya faɗi wanda yake bi bashi da wanda ke bin sa. A kaset na ƙarshe ya faɗi iyakar gonarmu, da itatuwan da ke kan iyakar, da dattawan da suka shaida. A can Allah ya yi masa rasuwa.

Innarmu ta naɗe kaset ɗin cikin tsumma, ta sa a ƙasan akwati. Muka ce ai yana nan. Shekaru suka wuce, rediyo mai kaset ya ɓace daga kasuwa, kowa ya koma salula. Ran da rigimar gona ta taso, na yi kwana uku ina yawo wurin masu gyara kafin in sami rediyo guda. Muka sa. Zafi da ƙura sun riga mu. Zaren ya manne, muryar ta yi ta ja kamar ta mai barci, sannan ya tsinke. Sallamarsa kaɗai muka ji. Dattawan nan biyu sun rasu. Muka rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar. Gonar ba ta fi yi mini ciwo ba. Ina ajin ƙarshe na firamare lokacin da kaset ɗin ya zo, na iya rubutu sarai. Da na ɗauki kaye na rubuta abin da ya faɗa, da shafi biyu sun isa. Ban yi ba.

Ba na ce maka takarda ba ta lalacewa. Gara na cin ta, ruwa na jiƙa ta. Amma takarda ba ta neman batir, ba ta jiran wata na'ura. Idonka da iliminka sun isa, kuma ɗanka yana iya kwafe ta cikin sabon kaye. Yau muna aika murya ta salula, muna jin daɗi. Salular nan in ta faɗa rijiya fa?

Ba na kuma ce maka rubutu yana maido da abin da ya wuce. A kashi na 24 Faye ta tuna kome, ta ruga gidansu, ta tarar da kango. Ta zana wurin gadonta a ƙasa da sanda, ta kwanta ciki. Abin da ya tafi ya tafi. Amma aƙalla ta san inda ta fito, ba mai sake gaya mata ƙarya a kai.

Da aka koma karatu, na ba ɗalibaina labarin nan. Manya ne, wasu sun haife ni. Na ce kowa ya rubuta wa kansa wasiƙar da zai buɗe bayan shekara goma: sunan kakanninsa, iyakar gonarsa, bashin da ke kansa, da abin da yake fata. Wata tsohuwa ta yi mako guda a kan layi huɗu. Da ta gama ta ce: "Mushe, yanzu ko na mutu ba a yi mini ƙari."

Kai ma, mai karatu, in akwai tsoho a gidanku, ɗauki kaye da bik ka zauna kusa da shi yau. Kada ka ce sai gobe, kamar yadda na ce. Allah ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu.