Daga Tambuwal Zuwa Kebbe: Kicin Ɗin Amarya

'Yan uwana 'yan mata, jere ya kai ni Tambuwal, garin nan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Tsohon teburin kicin mai fomika aka kawo wa amarya, ana son rufe shi da tayil, wai kada dangin ango su raina. Mai aikin ya ce fomika santsi gare ta, siminti ba ya kama ta. Sai an wanke maiƙo, an goge da sanfefa, sannan a shafa gam. In kuwa katakon ya sha ruwa ya kumbura, asarar kuɗi ce kawai.

Da muka gangara Kebbe ɗauko amarya, dakalin siminti na gani a madafarsu. Wannan kam, wallahi, kai tsaye tayil zai zauna.