Awartaki Mai Rami Biyu

Rubuta kayan mamaci aiki ne da muka saba da shi. Idan rasuwa ta auku a unguwarmu ta Zango a nan Kumasi, bayan an share makoki maigida yakan tura mu da littafi, mu lissafa abin da aka bari tun daga gida har zuwa buta, domin malamai su raba wa magada bisa ƙa'ida. Galibi aikin ba ya wuce yini guda. Amma na wani dattijo da ya rasu da damina sai da ya ci mana mako uku, saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon tafin hannu ba.

A ƙasan adakarsa muka same shi, an naɗe shi da tsohon ƙyallen saƙi. Kamarsa ɗaya da awartaki, sai dai idan an buɗe bakinsa akwai rami biyu a ciki, ɗaya kewayayye, ɗaya mai tsini. Muka rasa sunan da za mu rubuta, muka aika aka kira wani tsohon maƙeri. Da ya juya shi a hannu sai ya ce, "Malam, wannan mazubin harsashi ne, kuma ba ƙirarmu ba ce." Ya ce maharba a da ba su damu da tsini ba, domin bindigar toka cikinta sumul yake, kome aka ɗura mata haɗiyewa take yi. Libarba kuwa cikin bututunta a murɗe yake, ba ta karɓar dalma sai wadda aka zuba daidai da faɗinta. Kowace da nata mazubin, na wata ba ya yi wa wata.

Daga baya muka bincika, muka tarar maganarsa tana kan hanya. A shekarun 1850 da 1860 masu ƙera libarba a Ingila da Amurka sukan sayar da ita cikin akwati tare da irin wannan mazubi, mai ita ya zaɓi kewayayye ko mai tsini. Har yau a Amurka masu tara tsofaffin bindigogi suna neman irinsa ruwa a jallo.

To, me ya kawo shi adakar mai sayar da goro? Wata tsohuwa a gidan ta ce na kakan marigayin ne, wanda ya zo ƙasar nan cikin sojojin Glover. Nan ɗakin ya yi tsit. Mu dai abin da muka fi son faɗa wa 'ya'yanmu shi ne kakanninmu fatake ne, sun biyo hanyar Gwanja da Salaga, wasu kuma malamai da suka yi wa sarakunan Tonawa rubutu. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. A 1863 Kyaftin John Glover ya haɗa rundunar da aka kira Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka tsere. A Fabrairun 1874 suka ratsa Kumasi, 'yan kwanaki bayan Wolseley ya ƙone ta. A 1900 ma, lokacin yaƙin Yaa Asantewaa, akwai sojojin Hausa cikin ganuwar Turawa. Jikokin waɗanda aka harba su ne maƙwabtanmu, a kasuwa ɗaya muke ci da su.

Magada suka rabu uku. Babban ya ce a sayar, ya ga ana cinikin irinsa a intanet da dala. Ƙaramin, wanda ƙuruciya ba ta sake shi ba, ya ce a narka dalma a gwada ko yana aiki. Wannan kam ba mu jira maigida ba muka tsawata masa: harkar harsashi ba tare da izinin hukuma ba laifi ne a Gana, sannan ba mu manta yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 ba, balle a narka ta a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. 'Yar'uwarsu kuwa cewa ta yi a jefa shi rijiya, kada wani Batone ya gani. Ita muka fi jin tausayi, ko da yake ba mu bi ra'ayinta ba.

Maigida ya saurari kowa, sannan ya sa maƙerin ya yi masa kuɗi, ya biya daga aljihunsa aka zuba cikin dukiyar gado, aka raba. Ya ce mu rubuta sunansa na gaskiya a littafi, mu rubuta abin da tsohuwar ta faɗa, da sunanta. Haka muka yi.

Akwai masu ganin a kai shi gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar, mu ma can hankalinmu ya fi karkata. Maigida ya ce a dakata tukuna, sai ya fara nuna wa wani amininsa Batone da suka yi shekara arba'in suna gaisawa. Ranar da za su haɗu ba a sa ta ba. Yana nan cikin akwatin takardu, kusa da hatimi, cikin ƙyallensa.