Hidima ga Jama'a a Matsayin Garkuwar Mai Barin Shaye-shaye

Daga cikin darussan da dattawa suka tara a kan shaye-shaye, wanda ya fi tabbata shi ne cewa daina sha ya fi sauƙi a kan ɗorewa. Mashayi kan yi wata guda bai taɓa ƙwaya ba, sannan zaman banza da tsofaffin abokai su mayar da shi ruwa. Abin da ya fi riƙe shi shi ne a ɗora masa wani nauyi da wasu za su dogara da shi a kai.

A kan wannan fahimta aka gina ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a Akron ta Amurka a 1935. Wilson ya lura cewa idan ƙishin giya ya taso masa, neman wani mashayi ya taimaka masa ne ke kwantar da shi. Shi ya sa mataki na 12 a tsarinsu ya zama kai saƙo ga wanda har yanzu yake ciki. Binciken Maria Pagano da abokan aikinta na 2004 ya nuna cewa kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka taimaki wasu mashaya sun cika shekara ba su sha ba, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba kashi 22 ne kawai.

A Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru, bala'in ya fi fitowa ta ƙwayar taramol, sai giyar gargajiya irin su bilbil da arki. Masu haya da babur, 'yan dako da leburorin gonar auduga sukan fara sha ne don jure gajiya da zafin rana. Yaɗuwar ƙwayar ta kai har masu bincike suka gano ɓurɓushinta a ƙasa da saiwar bishiya a yankin arewa mai nisa na Kamaru a 2014, saboda ana ɗura wa shanun noma ita. Wanda ya fara sha don neman ƙarfin aiki, aikin da ke da daraja ne zai fi saurin cike masa gurbinta.

Al'adar yankin ta riga ta tanadi wuraren wannan hidima: aikin gayya, share masallaci ko coci, haƙar kabari, raka mara lafiya asibiti, da shiga cikin 'yan agaji. Dattawa kan fara da ƙaramin abu. A ba saurayi makullin masallaci, a ce shi zai shimfiɗa tabarmi ya cika butoci kafin asuba. Wanda ya san mutane talatin za su tsaya a ƙofa suna jiransa, dole ya kwanta da wuri kuma ya tashi garau. Da haka sunan "ɗan ƙwaya" ke gogewa, amana ta maye gurbinsa. Idan ya yi ƙarfi, sai a haɗa shi da wani sabon mai fama, domin maganar wanda ya ɗanɗana wahalar ta fi shiga kunne a kan faɗan wanda bai san ta ba.

Sai dai hidima tana da iyaka. Ba a damƙa wa sabon tuba kuɗin ƙungiya, ba a kuma tura shi shi kaɗai matattarar da ya baro. Wanda jikinsa ya saba da taramol yana buƙatar likita, don yankewa farat ɗaya kan kawo rawar jiki, zufa da rashin barci. Idan ya zame, a rage masa nauyi, kada a kore shi.

Unguwar da ke son ɗanta ya warke, ta ba shi aikin yi ta kuma riƙa tambayarsa idan ba ta gan shi ba.