Ƙanƙarar da Ba a Gani

Mu nan ƙasar Hausa ƙanƙara iri biyu muka sani, watau wadda ke zubowa da damina ta yayyaga ganyen gero, da wadda muke saye da azumi mu sanyaya kunun tsamiya. Amma akwai ta uku, a ƙasashen sanyi, wadda tun da na karanta labarinta na kasa fid da ita daga raina.

Ran 9 ga Janairu, 1997, wani ƙaramin jirgin sama mai farfela biyu, ƙirar Embraer, na kamfanin Comair, ya tashi daga Sinsinati zuwa Ditiroit a ƙasar Amurka, ɗauke da mutum 29. Sa'ad da ya kusa sauka, sai ya shiga gajimare mai ɗigon ruwa wanda sanyinsa ya wuce na daskarewa, amma bai daskare ba sai ya bugi wani abu. Da ya bugi fikafikan jirgin, sai ya zama ƙanƙara 'yar siririya mai kaushi kamar yashi. Ita kuwa iskar da ke ɗaukar jirgi sai a kan fiffike mai santsi take gudana daidai. In ya yi kaushi, dole jirgi ya ƙara gudu kafin ya iya riƙe kansa. Ga shi kuma masu kula da zirga-zirgar jirage sun umarci matuƙan su rage gudu zuwa kimanin kilomita 280 a awa. Na'urar da ke tuƙi da kanta ta yi ta kokawa da jirgin ba tare da matuƙan sun ji a hannunsu ba, har ta saki. Jirgin ya karkace, ya sulmiyo ƙasa kusa da garin Monro a jihar Mishigan, ba wanda ya tsira. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne jirgin yana da maganin abin. A bakin fikafikansa akwai roba da ake kumburawa da iska ta farfasa ƙanƙara, amma ba a kunna ta ba. Littafin aikin kamfanin ya ce a jira ƙanƙarar ta yi kauri tukuna, domin an gaji wata magana daga matuƙan dā cewa in aka yi gaggawa ƙanƙarar za ta yi wa robar rumfa. Masu ƙera jirgin sun riga sun sauya wannan ƙa'ida tun 1996, amma gyaran bai shiga littafin ba. Shi ya sa hukumar bincike, a rahotonta na 1998, ta ɗora mafi yawan alhakin a kan hukumar da ke tsara dokokin jiragen sama.

To, ya 'yan'uwana ɗalibai, mu ma littattafai muke haddacewa, muna kuma karɓar maganar magabata da ladabi, haka kuwa ya dace. Sai dai ladabi bai hana mu tambayi yaushe aka gwada ƙa'ida, a kan me kuma aka gwada ta ba. Matuƙan nan biyu abin da aka koya musu suka bi. Allah ya sa abin da za mu koyar gobe mun bincike shi tukuna.